Sauyin Sinadaran Haihuwa a Jikin Karya Bisa Yanayin Shekara: Nazari kan Karnukan Gabi a Gundumar Madarunfa

Tsakure

Wannan takarda ta duba yadda sinadaran da ke tafiyar da haihuwa suke hawa da sauka a jikin karya, da kuma inda yanayin shekara yake samun ƙofar shiga cikin wannan hawa da sauka, ta kuma ɗora bayanin a kan karnukan ƙauye na ƙaramar hukumar Gabi da ke gundumar Madarunfa a jihar Maraɗi ta Nijar. Hujjar da takardar ta tsaya a kanta ita ce, babban tasirin yanayi yana kan lokacin da karya za ta fita daga hutu ta shiga neman namiji, ba kan yawan sinadarin da za ta fitar bayan ta shiga ba, don haka duk awon da aka jera bisa watanni ko bisa damina da rani, ba tare da an tantance matakin da kowace karya take ciki ba, zai kai mai bincike ga sakamakon da ba shi da tushe.

Gabatarwa

Gabi tana kudancin jihar Maraɗi, dab da iyakar jihar Katsina ta Najeriya, a yankin da Gulbin Gabi yake ratsawa kafin ruwansa ya gangara wajen tafkin Madarunfa, kuma dajin Baban Rafi yana cikin wannan shiyya. Ƙasa ce ta manoman gero da dawa da wake da gyaɗa, da makiyaya masu shige da fice tsakanin ƙasashen biyu, kuma tana daga cikin wuraren da suka fi samun ruwan sama a Nijar, inda damina kan kankama daga watan Yuni ta ɗauke a ƙarshen Satumba. Kare a irin wannan wuri ma'aikaci ne, yana gadin gida da garke da gona, yana kuma bin mafarauta daji idan an kawar da amfanin gona, ayyukan da malaman mazhabar Malikiyya, wadda ita ce mazhabar mutanen yankin, suka yarda a riƙe kare saboda su. Sai dai mafi yawan waɗannan karnuka ba a ɗaure suke ba, ba kuma mai gida ne yake zaɓa wa karyarsa namiji ko lokacin barbara ba, wanda hakan ya sa jikin karya da yanayin da take rayuwa a ciki ne kaɗai suke yanke ranar da za ta haihu. Wannan ne ya sa karnukan irin su Gabi suka fi karnukan Turai na gidajen birni dacewa da tambayar da takardar ta ɗauko.

Zagayen haihuwa da sinadaran da ke juya shi

Abin da ake nufi da homon shi ne sinadarin da wata gaɓa take zubawa cikin jini domin ya kai umarni ga wata gaɓar da ke nesa da ita. Umarnin haihuwa yana farawa ne daga gindin ƙwaƙwalwa, inda ake fitar da homon mai suna GnRH kaɗan-kaɗan, a tsittsinke, shi kuma ya motsa wata 'yar tsoka da ke ƙarƙashinsa, wadda ake kira fitutari, ta saki homon biyu, wato FSH mai renon jakunkunan da ƙwai yake girma a ciki, da LH mai sa jakar ta fashe ƙwai ya fito. Jakunkunan da ke girma su ne suke fitar da istirojin, homon da ke kumbura gaban karya ya kuma jawo hankalin maza, sannan gurbin da ƙwai ya bari yakan rikiɗe ya zama wani rawayan ƙullutu mai fitar da furojestaron, homon da ke shirya mahaifa ya kuma riƙe ciki.

Masana, musamman Patrick Concannon na Jami'ar Kwanel ta Amurka wanda ya shafe shekaru masu yawa yana wannan awo, sun kasa zagayen gida huɗu. Na farko shi ne matakin share fage, mai ɗaukar kimanin kwana 9 a matsakaici, lokacin da gaban karya yake kumbura yana ɗigar da ruwa mai jini-jini, maza suna binta amma tana korar su da haushi da cizo, istirojin kuma yana hawa har ya kai ƙololuwa. Da istirojin ya fara sauka sai LH ya yi wani tashi na gaggawa wanda ba ya wuce kwana ɗaya zuwa biyu, daga nan karya ta shiga matakin karɓa, shi ma kimanin kwana 9, ta tsaya wa namiji ta kawar da wutsiya gefe. Ƙwai yana fita kimanin kwana 2 bayan tashin LH, amma a karya, saɓanin akuya da saniya, ɗanye yake fita, sai ya ƙara kwana 2 zuwa 3 kafin ya nuna ya iya haɗuwa da maniyyi, shi kuwa maniyyin kare yana iya rayuwa kusan mako guda a jikin mace, dalilin da ya sa lissafin ciki daga ranar barbara yakan faɗa ko'ina tsakanin kwana 57 da 72, alhali daga tashin LH kwana 65 ne, da ƙari ko ragin kwana ɗaya.

Mataki na uku shi ne ya fi rikita mai awo. Furojestaron, wanda bai kai nanogiram 1 a kowace mililita ta jini ba a lokacin hutu, yakan kai kusan 2 a ranar tashin LH, ya kai tsakanin 4 da 10 a lokacin fitar ƙwai, sannan ya haura zuwa tsakanin 15 da 80 cikin makonni uku zuwa huɗu, kuma yakan daɗe a sama har kusan wata biyu ko karya ta ɗauki ciki ko ba ta ɗauka ba. Ma'anar wannan ita ce furojestaron ba ya bambanta mai ciki da marar ciki, sai dai a nemi rilaksin, homon da mabiyiya kaɗai take fitarwa da yawa, wanda ake iya gani a jini daga kusan mako na huɗu. A rabi na biyu na wannan mataki furolaktin, homon nono, yakan tashi ya tallafi rawayan ƙullutun, kuma shi ne yake haddasa cikin ƙarya, inda karyar da ba ta ɗauki komai ba za ta kawo nono ta haƙa rami tana shirin haihuwa. Na huɗu shi ne matakin hutu, wanda mahaifa take gyara kanta a cikinsa, kuma shi kaɗai ne matakin da tsawonsa ba shi da ƙa'ida tsayayya, domin yana iya zama wata 2, yana iya kaiwa wata 10. Saboda wannan ne tazarar da ke tsakanin neman namiji da na gaba take kaiwa daga wata 5 zuwa 12, matsakaicinta kusan wata 7.

Inda yanayi yake shiga

Idan aka lura da kyau, matakai uku na farko a ɗaure suke, jimlarsu kusan wata uku ce a kowace karya mai lafiya, a damina ko a rani. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga, kuma tsagar da ke cikin wannan zagaye ita ce matakin hutu. A ƙarshen hutu ne bugun GnRH da LH yake ƙara yawaita, FSH ya ƙaru, jakunkunan ƙwai su fara amsawa, don haka duk abin da zai iya jinkirta wannan bugu ko ya gaggauta shi, haske ne ko abinci ko zafi ko shayarwa, shi ne yake da iko a kan watan da 'yan kwikwiyo za su zo duniya. Likitocin dabbobi sun tabbatar da sassaucin wannan mataki a aikace, tunda maganin kabagolin, mai rage furolaktin, yana iya katse hutun ya jawo neman namiji kafin lokacinsa.

Kakan kare, wato kyarkecin ƙasashen arewa, sau ɗaya yake barbara a shekara, a ƙarshen sanyi, ya haihu a lokacin da abinci ya fara yawaita, kuma har namijinsa ma ba ya da ƙarfin haihuwa sai a wannan lokaci. Agogon da yake bi shi ne tsawon dare, ta hanyar melatonin, homon da ƙwaƙwalwa take fitarwa cikin duhu kaɗai, wanda daɗewarsa a jini take sanar da jiki inda shekara ta kai. Zama da ɗan Adam ya kwance mafi yawan karnuka daga wannan agogo, kamar yadda Kathryn Lord da abokan aikinta suka nuna a nazarin da suka buga a 2013 kan dangin kare baki ɗaya, ta yadda namijin kare yake iya barbara kowane wata, mace kuma ta bi zagayenta ba tare da jiran wani yanayi ba. Amma kwancewar ba ta game kowa ba. Basenji, karen farauta na yankin Kwango, sau ɗaya yake neman namiji a shekara, kuma John Fuller ya nuna a 1956, a ɗakin binciken Jakson da ke jihar Main ta Amurka, cewa rage tsawon hasken da karyar basenji take samu yana iya matso da lokacin nata. Dingo na Ostireliya ma sau ɗaya yake yi, a lokacin da rana take gajarcewa a can. Mafi kusa da Gabi shi ne karen Azawak, siririn karen farautar Buzaye na yankin da ya haɗa arewacin Tawa da gabashin Mali, wanda masu kiwonsa suka san shi da cewa matansa galibi sau ɗaya suke neman namiji a shekara.

Akwai kuma shaida daga karnukan da ba su da wani asali na musamman. A birnin Jaifur na Indiya, inda aka daɗe ana kama karnukan titi ana yi musu aikin hana haihuwa, Chawla da Reece sun ba da rahoto a 2002 cewa neman namiji yana taruwa ne a wani ɓangare na shekara bayan damina, nazarin da ya biyo baya a 2008 kuma ya sa tsakiyar lokacin haihuwa a ƙarshen Nuwamba. Wannan misali yana da nauyi ga mai nazarin Gabi, domin Jaifur ma gari ne mai damina guda gajera da dogon rani mai zafi, karnukansa kuma a sake suke suna cin abin da suka samu.

Sai dai bai kamata a ɗauko hukuncin Jaifur ko na Main a ɗora wa Gabi kai tsaye ba, kuma dalilin yana cikin lissafin rana. Gabi tana kusan digiri 13 arewa da tsakiyar duniya, inda yini mafi tsawo a watan Yuni bai kai awa 13 ba, mafi gajarta a Disamba kuma ya ɗara awa 11 kaɗan, wato bambancin kusan awa ɗaya da rabi ne, alhali a Jaifur ya haura awa 3, a Main kuwa ya wuce awa 6. Saƙon da melatonin yake kaiwa a Gabi raunana ne idan aka gwada da na waɗancan wurare. Jar akuyar Maraɗi ta isa misali a nan, domin awakin ƙasashen Turai suna da lokacin barbara ƙayyadadde wanda haske yake yankewa, amma ita tana iya ɗaukar ciki a kowane wata, yawan haihuwarta yana bin ƙoshi da yunwa ne. Ra'ayin wannan takarda shi ne karyar Gabi ta fi kusa da wannan hali, kuma abinci da zafi su ne ya kamata a fara tuhuma kafin haske.

Abincin karen ƙauye ragowar abincin gidan ne, ƙanzon tuwo da dusa da ƙasari da ƙashi, da abin da ya tsinta a bola ko a wurin mahauta ranar kasuwa, don haka rumbun mai gida shi ne rumbun karensa. Daga ƙarshen bazara zuwa tsakiyar damina, lokacin da tsohon hatsi ya ƙare sabo bai nuna ba, ragowar tukunya takan yi ƙaranci, kuma a wannan lokacin ne kaska da tsutsar ciki suke ƙaruwa saboda danshi. A dabbobi masu shayarwa gaba ɗaya, ramewa tana rage leftin, homon da kitse yake fitarwa domin sanar da ƙwaƙwalwa cewa jiki yana da ajiyar da za ta ɗauki nauyin ciki, kuma raguwarsa tana sassauta bugun GnRH. Haka nan zafin Afrilu da Mayu, wanda yakan wuce digiri 40 a yankin Maraɗi, yana rage cin abinci, yana kuma lalata ingancin maniyyin maza. Da kaka ta yi a Satumba da Oktoba, aka shiga sussuka da daka, abinci ya wadata, zafi ya fara sauka, duk waɗannan matsaloli sukan sassauta kusan lokaci ɗaya. Idan wannan lissafi ya tabbata, abin da za a sa ran gani shi ne taruwar barbara daga kaka zuwa farkon ɗari, da taruwar haihuwa wata biyu bayan haka, a cikin hunturu. Abin lura shi ne lokacin ya zo daidai da gajarcewar rana, don haka shekara guda ba za ta raba tasirin haske da na abinci ba, sai an gwada shekarar da aka yi albarkar noma da wadda aka yi fari, domin tsawon rana ba ya sauyawa daga shekara zuwa shekara amma rumbu yana sauyawa.

Kuskuren awo da hanyar kauce masa

Hanyar da ta fi sauƙi, kuma ta fi jawo ɓata, ita ce a ɗebi jinin karnuka mata a damina, a sake ɗiban na wasu a rani, a fitar da matsakaicin furojestaron na kowane rukuni, a ce an gano bambancin yanayi. Tunda karyar da ke hutu ba ta kai nanogiram 1 ba, wadda ke mataki na uku kuma tana iya kaiwa 50, karya biyu ko uku masu rawayan ƙullutu sun isa su ɗaga matsakaicin rukuni duka, kuma abin da adadin zai nuna shi ne yawan waɗanda suka yi barbara kwanan nan, ba wani ƙarfi da yanayi ya ƙara wa homon ba. LH ya fi wannan wahala, domin a tsittsinke yake fita, ɗiba guda kuma tana iya faɗawa kan bugu ko tsakanin bugu biyu. Furolaktin ne kaɗai ake da dalilin auna shi bisa watanni, saboda Kreeger da Seal sun ba da rahoto a 1992 cewa yana da zagayen shekara a karnukan da ke zaune a waje, amma ko shi sai an ware masu ciki da masu shayarwa da masu cikin ƙarya.

Maganin wannan shi ne a bi karya ɗaya-ɗaya tsawon lokaci, a tantance matakinta kafin a fassara jininta. Tantancewar ba ta da tsada, domin auduga da gilashin awo da madubin likita sun isa a duba ƙwayoyin fatar cikin farji, waɗanda istirojin yake mayarwa faffaɗa masu kaushi a lokacin karɓa, su kuma koma ƙanana masu zagaye kwatsam a ranar da mataki na uku ya fara. Jinin da aka ɗiba yana buƙatar a raba ruwansa da wuri, domin sanya shi cikin sanyi tun bai rabu da jajayen ƙwayoyinsa ba yana rage furojestaron da za a gani, abin da ya zama wajibi a yi la'akari da shi a wurin da ɗakin awo yake Maraɗi ko Yamai. Akwai ma hanyar da ba ta buƙatar allura ko kaɗan, wato ƙidayar 'yan kwikwiyo gida-gida, tunda idonsu yana buɗewa tsakanin kwana 10 da 14, haƙoran nono suna fitowa a mako na uku zuwa na huɗu, na dindindin kuma daga kusan wata huɗu, sai a ƙiyasta ranar haihuwa, a koma baya kwana 63 a samu ranar fitar ƙwai. Mafarauta su ne abokan wannan aiki na farko, domin sun san tarihin kowace karya tasu, sun kuma san cewa mai tsohon ciki ko mai shayarwa ba ta bin daji. Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi da ɗakin awon dabbobi na ƙasa, LABOCEL, da tsangayoyin likitancin dabbobi na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya suna da kusanci da ƙwarewar da za su iya haɗa hannu a kai, musamman da yake karnukan makiyaya ba su san iyaka ba.

Amfanin sanin lokacin

Wani zai iya ganin cewa homon na karya ba abin da ya kamata a kashe wa kuɗi ba ne a yankin da ke fama da ƙarancin cimaka, amma ciwon haukan kare ya isa amsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar tana kashe kimanin mutum 59,000 a shekara, kashi 95 cikin 100 a Afirka da Asiya, cizon kare ne sanadin kusan duka, yara 'yan ƙasa da shekara 15 kuma su ne kusan kashi 40 cikin 100 na waɗanda abin yake shafa. Da zarar alamun cutar sun bayyana a jikin mutum, kusan babu mai tashi. Hanyar da aka tabbatar tana katse ta ita ce a yi wa aƙalla kashi 70 cikin 100 na karnukan wuri rigakafi, kamar yadda aka yi a Njamena ta Chadi a 2012 da 2013, inda cutar ta ɗauke na wani lokaci kafin ta sake shigowa daga wajen birnin. A ƙauye wannan kaso yana zubewa da sauri, domin manyan karnuka suna mutuwa da wuri, sababbin da ba a yi wa allura ba suna maye gurbinsu. Idan haihuwa tana taruwa a cikin hunturu, rigakafin da aka yi a watan Satumba, lokacin da ake bikin ranar yaƙi da cutar ta duniya a 28 ga wata, zai rasa dukan 'yan kwikwiyon shekarar, su yi kusan wata tara ko goma ba kariya, alhali wanda aka yi a farkon bazara zai same su, tunda Hukumar ta yarda a haɗa har da waɗanda ba su kai wata uku ba a gangamin rigakafi.

Lokacin barbara shi ne kuma lokacin da maza suke barin gidajensu su bi mace ɗaya cikin ayari, suna faɗa suna cizon juna daga wannan ƙauye zuwa wancan, wanda hanya ce ta yaɗuwar hauka da kuma wani ciwon daji na al'aurar kare da ake ɗauka ta barbara. Aikin cire mahaifa ma ya fi aminci a matakin hutu, domin a lokacin karɓa jijiyoyin jini sun cika, a mataki na uku kuma cire gidan ƙwai yana kayar da furojestaron kwatsam ya jawo cikin ƙarya. Saboda haka takardar tana kira ga ma'aikatar kiwo ta gundumar Madarunfa da mahukuntan ƙaramar hukumar Gabi da sarakunan gargajiya da shugabannin mafarauta su buɗe rajistar haihuwar karnuka a wasu zaɓaɓɓun ƙauyuka na tsawon aƙalla shekara uku, a kuma tsara watan rigakafin haukan kare bisa abin da rajistar ta nuna.